SHARHI: Dala, lantarki da tsadar RAM: Lissafin inganta kwamfutar wasa a Keffi da albashin gwamnati

Tun daga Mararaba, a bi ta Masaka har a dangana da Keffi, akwai dubban gidajen ma'aikatan Gwamnatin Tarayya waɗanda tsadar haya ta hana su zama a cikin Abuja. A yawancin gidajen ba a rasa tsohuwar kwamfutar girke a falo ko a ɗakin samari, wadda aka saya ta hannu shekarun baya domin buga takardu. Yanzu yaran gida sun girma, wasu na karatu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, kuma buƙatarsu ta canja. Suna son na'urar da za ta ɗauki wasanni irin su EA Sports FC, eFootball da GTA V, ta kuma yi musu aikin zane da haɗa bidiyo.

Wannan buƙata ba abin rainawa ba ce. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, WAEC ma ta fara bin sahu a 2024 da masu zana jarabawa a ƙashin kansu, sannan shirin 3MTT na Ma'aikatar Sadarwa yana neman horar da matasa miliyan 3 a fannin fasaha. Kwamfutar da ta iya ɗaukar wasa mai nauyi za ta ɗauki duk waɗannan. Matsalar ita ce kuɗi. Kuma a halin da ake ciki, abubuwa uku ne ke yanke farashin gyaran, dukansu a wajen akwatin kwamfutar suke: darajar naira, halin wutar lantarki, da wawason da manyan kamfanonin duniya ke yi wa kayan ajiyar bayanai.

Albashi a ma'aunin dala

Babu wani muhimmin sashe na kwamfuta da ake ƙerawa a Najeriya. Kamfanonin gida da ke harhaɗa kwamfuta ma daga waje suke shigo da sassan. Saboda haka farashin da ɗan kasuwa zai faɗa a Banex Plaza da ke Wuse 2, ko a Computer Village ta Ikeja, farashin dala ne da aka juya zuwa naira.

Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, ana canjin dala a kan kusan naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Naira ta ɗan farfaɗo daga baya, amma dala na nan a kusan ninki uku na tsohon farashinta. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 ya kai kimanin dala 65 a tsohon canji. Naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024, idan aka auna da 1,500, ba ta kai dala 50 ba. Albashi ya ƙaru a takarda, amma ƙarfinsa a gaban kayan da ake shigowa da su ya ragu. Ga kuɗin mota daga Keffi zuwa sakatariya, tafiyar kimanin kilomita 50, wanda ya yi tsalle tun bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023.

Wannan ne ya sa sayen sabuwar kwamfutar wasa ya fi ƙarfin matsakaicin ma'aikaci. Abin da ya rage shi ne a inganta ta gida, sashe bayan sashe.

Yadda RAM ta zama zinariya

A da, shawarar da kowane mai gyara ke fara bayarwa ita ce a ƙara RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke baje aikinta a kai, domin ita ce mafi araha. Daga ƙarshen 2025 lissafin ya birkice. Kamfanoni uku, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, su ke ƙera kusan duk irin wannan ma'adana a duniya. Da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka shiga gina manyan rumbunan bayanai, sai masana'antun suka karkata ga kayan da waɗannan rumbuna ke buƙata, domin sun fi riba. Farashin RAM na masu amfanin gida ya ninka cikin 'yan watanni, na faifan SSD ma ya bi sahu. A Disambar 2025 Micron ya sanar da cewa zai daina sayar da kayansa na Crucial, sunan da masu gyaran kwamfuta suka daɗe da sani.

Darasin da ke ciki ga mai saye a Keffi shi ne ya riƙe abin da ke hannunsa. RAM iri-iri ce, akwai DDR3, DDR4 da DDR5, kuma wata ba ta shiga ramin wata. Wanda ya yanke shawarar sayen sabon madabod na zamani, tilas ya sayi DDR5 da sabon firosesa a lokaci guda, a daidai sa'ad da suka fi tsada. Wanda kuwa kwamfutarsa ke amfani da DDR4, zai iya neman sanda guda ta hannu mai gigabait 8 ya haɗa da tasa ta zama 16, adadin da ya wadatar da yawancin wasannin yau. Sanduna biyu masu girma ɗaya sun fi sanda guda mai girman su biyun sauri, domin na'urar tana ɗibar bayanai ta hanyoyi biyu a tare.

Wa'adin Windows 10

Kafin a kashe ko sisi, akwai tambayar da ta riga kowace: shin kwamfutar ta cancanci a zuba mata kuɗi? A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin tsaro na kyauta ga babbar manhajar Windows 10, ya buɗe wa masu amfanin gida ƙofar ƙarin wa'adi na shekara guda zuwa Oktoban 2026. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗa. Sai firosesan Intel na zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen na jerin 2000 zuwa sama, tare da guntun tsaro mai suna TPM 2.0.

Ana gane zubin daga lambar firosesan. Core i5-6500 zubi na 6 ne, i5-8500 na 8 ne. Da yawa daga cikin kwamfutocin ofis na hannu da ake jibgewa a kasuwa, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk, 'yan zubi na 4 ne zuwa na 7, kuma dalilin arharsu ke nan: kamfanonin Turai da Amurka sun sallame su ne saboda wa'adinsu ya ƙare. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Masu wasanni ma sun fara kafa irin wannan sharaɗi, domin Battlefield 6 da ya fito a Oktoban 2025 ba ya tashi sai da TPM 2.0.

Idan na'urar gida ta gaza wannan ma'auni, hikima ita ce a tsaya kan sassan da za a iya cirewa a mayar cikin wata daga baya, kamar SSD da katin hoto. Zuba kuɗi mai yawa a kan DDR3 ko tsohon firosesa asara ce da aka jinkirta.

Wuta kafin komai

Samari kan fara lissafi da katin hoto, domin shi ne ke fito da kyawun wasa. A Keffi, inda kamfanin AEDC ke raba wuta, lissafin gaskiya daga soket yake farawa. Ɗaukewar wuta ba shiri, dawowarta da ƙarfi, da sauyawa zuwa ƙaramin janareta, su ne ke ƙona madabod da katin hoto. Kwamfutar girke ba ta da batir kamar ta tafi-da-gidanka. Saboda haka na'urar UPS mai daidaita ƙarfin wuta, ko aƙalla sitabilaiza mai kyau, ita ce sayayyar farko. Rigakafi ya fi magani.

Sai akwatin da ke raba wa sassan kwamfutar wuta daga ciki. Na ƙananan kwamfutocin ofis bai cika wuce wat 180 zuwa 250 ba, kuma galibi mahaɗansa na kamfanin ne kaɗai, ba a iya musanya shi da na kasuwa cikin sauƙi. Ramin da ake soka katin hoto yana bayar da wat 75 ne kawai. Katin da ya fi haka ci sai an jawo masa waya ta daban. Wannan ya raba katunan kasuwa gida biyu. Akwai masu ƙaramin ci irin su GTX 1650, RX 6400 da RTX 3050 mai gigabait 6, waɗanda ramin kaɗai ya ishe su. Akwai kuma irin RX 580, wanda ake samu da araha amma yana zuƙar kusan wat 185. Idan akwatin kwamfutar siriri ne, sai an nemi kati gajere da aka yi domin irinsa, in ba haka ba murfin ba zai rufu ba.

Bambancin yana fitowa a mita. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa guda, kafin a sassauta zuwa kusan 209. Kwamfutar da ke cin wat 300, idan aka kunna ta awa 4 kullum, za ta sha kilowat 36 a wata, wato kimanin naira 7,500 a wannan farashi. Mai cin wat 150 rabin haka za ta sha. Ga gidan da ke kan inbata da sola, ratar ita ce tsakanin batirin da zai kai asuba da wanda zai mutu da tsakar dare.

Jerin sayayya

Bayan an tsare wuta, SSD ne ke biye. Tsohon faifai mai juyawa ba ya cika wuce megabait 150 a daƙiƙa, SSD mafi sauƙin kuɗi kuwa yana kai 500. Ba ya ƙara kyawun hoton wasa, amma yana sauya yadda na'urar ke tashi da buɗe komai. Mai gigabait 256 ko 512 ya isa ɗaukar babbar manhaja da wasa ɗaya ko biyu, tsohon faifan kuma a bar shi ya zama rumbu. Daga nan sai RAM, sannan katin hoto a ƙarshe, gwargwadon ƙarfin wutar akwatin da girman allon kallo. Wanda allonsa na 1080p ne ba ya buƙatar katin da aka yi domin 4K. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Gidan da kwamfutarsa ke da madabod na AMD mai mazaunin AM4 ya yi sa'a, domin mazaunin ya karɓi zubi da dama na Ryzen tun 2017. Sau da yawa ana iya ɗora Ryzen 5 5600 a kan tsohon madabod bayan sabunta manhajarsa ta ciki. Ɗan'uwansa 5600G yana da sashen hoto a jikinsa, wanda zai riƙe wasanni marasa nauyi har a tara kuɗin kati.

Kasuwar hannu tana da tarkunanta. Katunan RX 580 da yawa sun yi shekaru suna aiki dare da rana wajen haƙar kuɗin kirifto kafin Ethereum ya daina wannan tsari a Satumbar 2022. Tsofaffin katunan Nvidia na jerin GTX 10, irin su 1050 Ti da 1060, sun daina samun sabbin manhajojin wasanni daga kamfanin tun Oktoban 2025. Ana kuma samun katunan jabu da aka sauya wa suna. Manhajar GPU-Z kyauta ce, tana nuna ainihin abin da ke cikin kati, kamar yadda CrystalDiskInfo ke nuna awannin da faifai ya yi yana aiki. Mai saye da ya taso daga Keffi zuwa Wuse ya kamata ya sa a gwada masa kayan a gabansa na aƙalla rabin awa, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar kayan da kwanakin garanti, domin komawa canji wani kuɗin mota ne da wata ranar aiki.

Akwai kuma gyaran da kusan kyauta ne. Ƙurar hunturu tana toshe fankoki, zafin Maris da Afrilu kuma yana sa firosesa ya rage gudu domin ya kare kansa. Busa ƙura da sabunta man da ke tsakanin firosesa da abin sanyaya shi kan dawo da saurin da ake zaton sai an sayi sabon sashe.

Inda abin ya shafi ofis

Ga ma'aikaci da hadimin mai muƙami, maganar ba ta tsaya kan nishaɗin yara ba. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ya sanya ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin daina aiki da takarda a ma'aikatu. Ma'anarsa ita ce wasiƙu, bayanan ma'aikata da daftarin jawabai suna ƙara bin mutane gida. Idan kwamfutar da ake buɗe su a kai ita ce wadda yaro ke cusa wa wasannin sata da aka kwaso daga shagon kwafi, kuma babbar manhajarta ta daina samun kariya, to an buɗe ƙofa ga ɓarayin bayanai. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ba ta ɗauke wa hukuma alhaki ba don ɓarnar ta faru a falon ma'aikacinta. Raba faifan aiki da na wasa, ko aƙalla buɗe wa kowa asusunsa a kan na'urar, ya fi kowane katin hoto muhimmanci.

Haka nan ma'aikatu da hukumomi na da nasu kwamfutocin da wa'adin Windows 10 ya rutsa da su, kuma tsadar RAM za ta bayyana a takardun kwangilar sayen sababbi. Jami'in da ya san cewa na'urar zubi na 8 na iya ƙara shekaru da SSD da RAM kaɗai, zai iya tambayar ɗan kwangila dalilin da ya sa ake son sauya ta ɗungurungum. Waɗanda kuma za a yi gwanjonsu, wajibi ne a goge faifansu sarai kafin su fita, domin irin waɗannan na'urori ne ke ƙarewa a shagunan Mararaba da Keffi, a hannun ɗalibin da ke neman inda zai soka katin hoto.