Filin Kimiyya Da Fasaha: Uwargida Da Amarya Cikin Kwamfuta Guda

Ran 14 ga watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Magajiyarta kuwa, watau Windows 11, ba ta yarda ta zauna cikin na'urar da ba ta da abin tsaron nan da ake kira TPM 2.0. Wannan al'amari ya shafi ɗalibai da ma'aikata masu yawa a ƙasar nan, domin kwamfutocin da ke hannunsu 'yan gwanjo ne, kuɗin sabuwa kuma ba ya samuwa.

Akwai wata dabara da ba ta bukatar ko kwabo. Ana iya yi wa Windows kishiya, a kawo manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finland cikin 1991, kuma kyauta ake samun ta. Sai a raba rumbun ajiyar na'urar gida biyu, kowace da ɗakinta. Da zarar an kunna, wani ɗan tsari mai suna GRUB zai tambayi maigida wadda yake so ta yi aiki. Ba sa aiki tare; kwana ake raba musu.

Amma fa zaman kishiyoyi sai da lura. Windows ce uwargida, ita ake fara sakawa, domin in ta zo daga baya takan mamaye ƙofar shiga, a nemi amarya a rasa. Kafin a taɓa rumbun, wajibi ne mutum ya kwafe takardunsa a wani wuri dabam, don kuskure guda wajen rabon yana iya share aikin shekaru. Wanda rumbunsa ke kulle da BitLocker, lalle ya rubuta mabuɗin nan mai lambobi 48 a takarda ya adana. Ko bayan an zauna lafiya rigima takan taso: cikin watan Agusta na 2024 wani gyara da Microsoft ya aiko ya hana Linux tashi a waɗansu na'urori.

Har kan agogo sukan saɓa. Linux tana ajiye lokacin duniya, Windows kuwa na gida, saboda haka a Nijeriya agogon yakan kauce da awa ɗaya. Mai dogara da shi don lokacin salla sai ya daidaita shi tun ranar farko.

Abin da ya fi dacewa shi ne a mayar da harkar banki da wasiƙu ɗakin Linux, a bar wa tsohuwar Windows aikin da ba ya bukatar intanet.