Ladabin Dubiya

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na je dubiyar wani tsohon ɗalibina, saurayi ɗan shekara 26, wanda ƙari ya fito masa a wuya tun da damina, aka daɗe ana shafa masa magani da zaton kaluluwa ce, har sai da likitoci suka yanki ɗan nama suka auna, suka tabbatar sankara ce, irin wadda suke kira Hojkin. Na same shi a zaure, sumarsa ta zube, ya rame, amma hankalinsa garau, har yana lissafa mini cewa allurar kemo sau 12 aka rubuta masa, ɗaya duk bayan mako biyu, an yi masa biyar, kuma kowace aka yi sai ya kwana uku yana fama da tashin zuciya.

Muna cikin haka sai ga wani dattijo ya yi sallama, ko gaisuwa bai ƙare ba ya shiga ba da labarin wani maƙwabcinsa wanda, in ji shi, haka nasa ya fara, bai kai wata uku ba aka yi masa sutura. Sa'an nan ya rufe da fatawar da kowa ya haddace, wai daji ba ya son allura, a maida yaro gida a nemi na gargajiya. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba, na gode." Ni kuwa na ga yadda fuskarsa ta sauya, wallahi ban san sa'ad da na miƙe ba.

Masu bin rubutuna sun san ra'ayina game da likitocin zaure, waɗanda ba su taɓa buɗe littafin ɗibbu ba, amma ba cutar da ba su da hukuncinta. Wannan fatawa tasu ita ke tsare mutane a gida har ciwo ya ci jiki, in an kai su asibiti a ƙurarren lokaci suka cika, sai a ce ga shi nan, allura ta kashe su. Alhali irin sankarar yaron nan tana cikin waɗanda aka fi samun waraka daga gare su, muddin an cika magani ba a yanke ba. Na san dattijon alheri yake nufi, amma kyakkyawar niyya ba ta halatta magana ba da ilimi ba.

Shari'a ta sanya dubiya cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa domin a ƙarfafa masa zuciya, kuma malamai ba su taɓa raba tawakkali da riƙon sababi ba. Saurayin da ya ajiye aiki, aka ɗaga bikinsa, mahaifinsa ya sayar da gona saboda asusun tallafin da Gwamnatin Tarayya ta soma a 2021 sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza ya ƙunsa, ba tasa ba, ta'aziyya tun yana raye ita ce abin da za a kai masa?

In ka je dubiya, ɗan'uwa, ka yi addu'a, ka taƙaita zama, ka ajiye abin da ya sawwaƙa na kuɗin magani, labarin matattu kuwa ka bar shi a ƙofar gida. Allah Ya ba shi lafiya.