Ciwon Daji Da Dogaran Jiki: Ina Rabon Mutumin Indabo?

A 'yan shekarun nan labari ya yi ta yawo a rediyo da wayoyin hannu, wai likitocin Turai da Amurka sun gano hanyar da za a sa jikin mutum da kansa ya yaƙi ciwon daji. Labarin ya shiga birni ya shiga ƙauye, ko a Indabo ta ƙasar Wudil ba za a rasa wanda ya ji shi ba. Waɗansu sun ɗauka an gama da ciwon daji ke nan, waɗansu kuwa sun ce tatsuniya ce. Don haka muka ga ya kamata mu zauna da masu karatunmu, tun ba malaman ofis da malaman makaranta ba, waɗanda jama'a kan tasa gaba da tambaya in an ji baƙon abu, mu tsefe maganar, mu ga iyakar gaskiyarta da abin da ya rataya a wuyanmu.

Al'amarin ba na wasa ba ne. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 kaɗai mutum fiye da 127,000 suka kamu da ciwon daji a Nijeriya, kusan 80,000 kuma ya yi ajalinsu. Na nono da na mafitsarar maza da na bakin mahaifa su ne a kan gaba. Da wuya a sami zuriyar da ba ta taɓa jinyar wannan ciwo ba, ko da an kira shi da wani suna.

Bari mu fara daga tushe. An gina jikin ɗan Adam da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kusan ko wace ƙwaya tana ɗauke da kundi guda wanda mutum ya gada daga uwa da uba, shi ne masana ke kira DNA. A cikinsa akwai babi kamar 20,000, ko wane babi umurni ne na yadda za a ƙera wani abu da jiki ke bukata. Kundin iri ɗaya ne a ƙwayar hanta da ta fata, abin da ya bambanta su shi ne babin da ko wace ke buɗewa. Wanda ya san aikin ofis tun zamanin En'e zai gane wannan nan da nan: littafin doka ɗaya ne a baitulmali da ofishin hakimi, amma ba shafi ɗaya ma'aji da magatakarda su ke aiki da shi ba. In ƙwaya ta buɗe babi, sai ta kwafe shi a 'yar takarda da a ke kira RNA, ta aika inda za a zartar. To, mai son sanin abin da ofis ke ciki a yau, fayil ɗin wasiƙun da suka fita ya kan duba. Haka masana su ke yi yanzu. Su kan ƙidaya waɗannan takardu, su gane babin da ke buɗe da wanda ke rufe, daga nan su san halin da ƙwayar ke ciki.

Ciwon daji ya kan fara ne in kuskure ya taru a kundin wata ƙwaya, har ta ƙi jin umurnin tsayawa, ta yi ta haihuwa ba iyaka, ta zama ƙari, daga baya ta ƙetara zuwa waɗansu sassan jiki. Amma Allah bai bar jiki ba tsaro. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda a ke kira T, su ne dogaran jiki. Suna zagayawa suna duba ko wace ƙwaya, wadda suka ga ta sāke kama sai su kashe ta. Don kada su yi wa na gida ɓarna, an yi musu dabaibayi wanda ke tsayar da su in sun zafafa. Wayon ciwon daji shi ne ya koyi ɗaure wannan dabaibayi da kansa, sai dogari ya iso bakin ƙari ya tsaya, ya kasa kataɓus.

Tunanin tayar da dogaran nan tsoho ne. Tun 1891 wani likitan fiɗa a birnin New York, William Coley, ya riƙa sa wa masu ciwon daji ƙwayoyin cuta da gangan don jikinsu ya harzuƙa, waɗansu kuwa suka sami sauƙi, ko da ya ke ba a gane dalili ba a lokacin. A 1976 likitoci a Kanada suka nuna cewa ruwan allurar BCG, wadda a ke yi wa jariranmu don tarin fuka, in an zuba shi cikin mafitsara yana hana wani irin ciwon dajinta dawowa, har gobe kuma ana aiki da wannan. A 1992 Tasuku Honjo na Japan ya gano dabaibayin da a ke kira PD-1. A 1996 James Allison na Amurka ya nuna cewa in aka kwance wani dabaibayin, CTLA-4, ƙari ya kan narke a jikin ɓera. Maganin farko na wannan hanya ya sami izini a Amurka a 2011, na PD-1 suka biyo baya a 2014, a 2018 kuma aka ba mutanen nan biyu kyautar Nobel. Jimmy Carter, tsohon Shugaban Amurka wanda cibiyarsa ta taimaka wajen kawar da kurkunu daga ƙasar nan, ciwon dajin fata ya kai masa har ƙwaƙwalwa a 2015 yana da shekara 90. Aka yi masa fiɗa da gashi, aka haɗa da irin wannan magani, ya rayu har ƙarshen 2024, ya cika shekara 100.

Ashe labarin yana da tushe. Sai dai akwai sauran rina a kaba. A yawancin ire-iren ciwon daji, waɗanda maganin ke yi wa amfani ba su kai waɗanda ba ya yi wa ba. Dogarin da aka kwance kuma ya kan juyo kan hanji ko huhu ko hanta, har ya kai ga halaka in ba likita a kusa. Ga tsada: allura guda ta kan ci miliyoyin naira, ba kuma sau ɗaya a ke yinta ba. Saboda haka tambayar da ta fi damun likitoci ita ce, wa zai amfana, wa kuma za a raba da dukiyarsa a banza?

Nan ne karatun takardun nan ya shigo. A 2006 Jérôme Galon da abokan aikinsa a Faris suka nuna cewa a ciwon dajin hanji, yawan dogaran da suka kutsa cikin ƙari da wurin da suka tsaya suna nuna yadda majiyyaci zai ƙare. Daga 2009 aka fara iya karanta takardun ƙwaya guda tak. A 2016 masana a Boston suka karanta ƙwayoyi 4,645 ɗaya bayan ɗaya, daga majiyyata 19 masu ciwon dajin fata. Irin wannan bincike ya nuna cewa ƙari gari ne guda mai jama'a iri iri. Akwai dogaran da suka gaji don daɗewa a fagen fama, takardunsu cike da alamun dabaibayi. Akwai waɗansu fararen ƙwayoyi da ƙari ya saye, suka koma yi masa hidima suna kashe wa 'yan'uwansu gwiwa. Akwai kuma ƙarin da dogari bai ko shiga ba. Inda dogarai ke ciki a ɗaure, kwance su ya fi yin amfani. Inda ba su shiga ba, me za a kwance?

Kada wani ya ce wannan ilmi ba mu da hannu a cikinsa. A 1958 Denis Burkitt ya bayyana ciwon dajin da ke kumbura muƙamuƙin yara a Uganda, wanda mu ma muna da shi a nan. A 1963 a asibitin koyarwa na Ibadan, Farfesa Pulvertaft ya raya ƙwayoyin wannan ciwo daga jikin wani yaro ɗan Nijeriya. Ƙwayoyin nan, da a ke kira Raji, har yau suna raye a ɗakunan bincike na duniya, a kansu a ke gwada sababbin dogaran da a ke horarwa don yaƙar ciwon dajin jini. A Ibadan ɗin dai Dokta Victor Ngu ya yi nazarin yadda jiki ke kare kansa daga wannan ciwo, ya kuma sami kyautar Lasker a 1972. A zamaninmu Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta sun nuna cewa ciwon dajin nono mai saurin tsananta ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma bisa ga na Turawa. A 2021 likitocin Ile-Ife da na New York suka buga sakamakon da ya nuna cewa irin ciwon dajin hanjin da ya fi jin maganin PD-1 ya kusa ninka biyu a majiyyatan Nijeriya bisa ga na Amurka da aka gwada su da su. Duk da haka, babban kundin da Amurka ta tara daga majiyyata fiye da 11,000 mafi yawansa na Turawa ne. Rigar da aka auna a jikin wani ba lalle ta zauna a jikinmu ba.

Mun san abin da mai hankali zai ce: ina amfanin wannan dogon zance ga wanda ɗakin shan maganin garinsu ke fama da zazzaɓin cizon sauro? Maganarsa tana kan hanya, ba kuwa muna cewa a bar jaki a sayi jirgin sama ba. Abin lura shi ne, duk binciken nan daga abu guda ya ke farawa, watau 'yar tsokar da likita ya yanko daga ƙari aka duba. Ita ce kuma mafarin ko wane magani, tsoho da sabo. Hanyar da za ta kai mu ga maganin gobe ita ce wadda za ta ceci mace mai ƙullutu a nono yau, in ta taso daga Indabo da wuri, aka duba ta a Babban Asibitin Wudil, aka tura ta Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kafin ciwo ya yi nisa.

Saboda haka muna roƙon Gwamnati ta shirya hanya tabbatacciya wadda tsokar da aka yanka a manyan asibitocin ƙananan hukumomi za ta isa ɗakin bincike a Kano, sakamako ya dawo cikin kwanaki, a kuma adana ragowar don nazari. Hukumar binciken ciwon daji ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2023, ya kamata ta tuna Arewa ba ta tsaya a birane ba. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil da Jami'ar Bayero su ma suna da nasu rabo, gama rabin wannan aiki lissafi ne da kwamfuta, da yawa daga sakamakon binciken duniya kuwa yana kan intanet kyauta ga ɗalibin da aka koya wa karanta shi.

Amma a yi shi da amana. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba, sun kuma ga yadda rashin yarda ya tsayar da rigakafin shan inna a 2003. Duk wanda za a ɗauki tsokarsa ko jininsa don bincike, a yi masa bayani da Hausa, a nemi yardarsa a sarari, wanda ya ƙi kuma kada a rage masa kome a jinya.

Ku malaman ofis, rajista a hannunku ta ke. In an rubuta mutuwa, a yi ƙoƙari a rubuta sanadinta kamar yadda likita ya faɗa, kada a tsaya kan "gajeriyar rashin lafiya". Ciwon da ba a ƙidaya ba, ba a yi masa kasafi.

Ku kuma malaman makaranta, naku ya fi nauyi. Kun sha jin ana cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Asalin wannan zance shi ne, mutane kan zo asibiti bayan ciwo ya ci ƙarfinsu, in rai ya yi halinsa sai a ɗora wa wuƙar likita laifin jinkiri. Ku gaya wa jama'a ƙullutun da ba ya ciwo ma abin kai wa asibiti ne, haka gyambon da ya ƙi warkewa, da jinin da ke zuwa wa mace ba lokacinsa ba, da fitsarin jini, wanda mutanen bakin kogi kan raina da sunan tsargiya alhali kuwa in ta daɗe ta kan jawo ciwon dajin mafitsara. Ku gargaɗe su game da masu yawo kasuwa kasuwa da lasifika suna tallar kwalabe wai maganin ƙara garkuwar jiki. Abin da muka bayyana a sama ba a sayar da shi a bayan mota.

A ƙarshe, akwai hanyar horar da dogaran jiki wadda ta riga ta iso ƙofar gidanmu, ba ko kwabo. Tun 2004 allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ta shiga cikin alluran jarirai, ta fari kuwa ta fi amfani a ranar haihuwa. Ita ce garkuwa daga babban sanadin ciwon dajin hanta, musamman in an haɗa da guje wa gyaɗa da masara masu fumfuna. A watan Oktoba 2023 kuma aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ciwon dajin bakin mahaifa, Jihar Kano na cikin jihohin farko. Malamin da ya zauna da dagaci da liman da iyaye har aka yi wa 'yan matan ajinsa wannan allura ya yi aikin da za a ci moriyarsa shekara 30 nan gaba. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya kuma ba shugabanninmu ikon riƙon amana, amin.