Kafin a sayar da laftof don ta daina kama Wi-Fi



A 'yan watannin nan, tallar da ta fi yawa a zaurenmu na WhatsApp, bayan ta ɗakin haya da ta babur, ita ce ta kwamfutar tafi-da-gidanka. Sau da yawa kuma magana ɗaya ce a ƙarƙashin hoton: komai lafiya, sai dai ba ta kama Wi-Fi. Kuɗin da ake nema kuwa ko rabin abin da aka saye ta bai kai ba. Mu a sakatariya muna ganin asara ce ake tafkawa ba gaira ba dalili.

Mun san yadda ake sayen kwamfutocin nan. Uba ne mai tumatir a Mile 12, ko mai gadi a Lekki, ya yi adashi wata da watanni, ya shiga Computer Village a Ikeja ya ɗauko tokumbo, HP ko Dell ko Lenovo, saboda 'yarsa da ke karatu a NOUN ko ɗansa mai koyon zane. Ranar da intanet ya ɗauke, karatu ya tsaya. A kai wa mai gyara, ya juya ta, ya girgiza kai, ya ce ai bod ne ya tafi, gara a bar masa ita a cika kuɗi a ɗauki wata. Ba duk masu gyara ke haka ba, akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinsu, namu da waɗanda ba namu ba. Amma wanda bai san ciwonsa ba, duk maganin da aka miƙo masa shi zai saya.

A yawancin tokumbon da ke hannunmu, abin da ke kama Wi-Fi ba a jikin bod yake ba. Ɗan kati ne mai zaman kansa, bai kai girman kwalin ashana ba, an soka shi a raminsa an ɗaure da sukuru ɗaya ko biyu. Wasu siraran wayoyi guda biyu, galibi baƙa da fara, suna maƙale a kansa. Su ne eriya, sun bi ta mahaɗin murfi sun hau har gefen gilashi. Bluetooth ma yawanci a kan katin nan yake zaune, shi ya sa sukan mutu tare. Wanda ya iya, cire shi da saka wani ba ya cin rabin awa, kuɗin katin kuma ɗan kaɗan ne in aka auna da kuɗin wata kwamfutar.

Kafin ma a kai ga sayen kati, sau da yawa lafiyarsa ƙalau. Tsofaffin ThinkPad da Latitude, irin su T420 da E6420, suna da ɗan makunni a gefe wanda jaka kaɗai kan iya turewa. Wasu kuma yaro ne ya danna maɓallin da ke da hoton jirgin sama. Akwai waɗanda aka sake wa Windows aka manta ba a saka direban katin ba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi. In kuma tana kamawa amma sai an manna ta da waya ko MiFi, a fara zargin eriya: ko dai ta tsinke a mahaɗin murfi saboda buɗewa da rufewa, ko wanda ya canza gilashi bai mayar da ita wurinta ba. Sabon kati ba zai warkar da tsinkakkiyar waya ba.

In an tabbata katin ne, to a nan ake buƙatar natsuwa, domin ba kowane kati ke shiga kowace kwamfuta ba. Rami iri biyu ne. Tsofaffi, waɗanda aka ƙera kafin wajen 2014, suna da wanda ake kira Mini PCIe. Na bayansu suna da M.2, wanda ya fi siranta. Ba sa shiga ramin juna, kuma hatta kan wayar eriyarsu girmansa ba ɗaya ba ne, na M.2 ya fi ƙanƙanta. Duk wanda ya ce muku zai danna da ƙarfi ya shiga, ku karɓe kayanku. Ga mai tsohon rami, Intel 7260 wanda aka rubuta AC a jikinsa ya wadatar. Ga mai M.2, AX200 da ya fito a 2019 yana aiki a kwamfutoci da dama, amma yana son Windows 10 ko 11, ba shi da direba a Windows 7. A yi hattara da ɗan uwansa AX201. Lamba ɗaya ce ta raba su, a ido kuma kamar tagwaye, amma shi ba ya tashi sai da wasu injinan Intel da aka ƙera dominsa. A kwamfuta mai AMD ko tsohuwar Intel ko motsi ba zai yi ba.

Akwai kuma tarkon da masu tsofaffin Lenovo da HP ya kamata su sani. Kamfanonin sun rubuta jerin katunan da suka yarda da su a cikin BIOS, duk wanda ba ya cikin jerin, kwamfutar ba za ta ma tashi ba. Lenovo ta nuna lamba 1802, HP ta nuna 104. Mai gani sai ya ɗauka an kashe masa kwamfuta, alhali da an zare katin za ta dawo daidai. Maganin shi ne a nemi katin da aka ciro daga irin wannan samfurin, kuma a kasuwar tokumbo ba ya wuyar samu. Wasu na cewa a yi wa BIOS ɗin kutse a goge jerin. Ba mu goyon baya. In aikin ya kuskure, wannan karon da gaske bod ɗin ne zai tafi.

Sai mu juyo kan matasanmu, domin su nasu ciwon daban ne. Katinsu lafiya lau, amma sun ji ana Wi-Fi 6, sai kowa ya ce shi ma sai ya saka. Mu faɗa muku gaskiya: kati ba ya ƙara gudun datar da kuka saya. In intanet ɗinku daga wayar hannu yake zuwa, kuma sabis sanda biyu ne a ɗakinku, ko katin zinare kuka saka haka za ta ci gaba da rarrafe. Rijiya ce ba ruwa, sabon guga ba zai kawo shi ba. Inda canjin ke da amfani shi ne ga wanda katinsa 2.4GHz kaɗai yake kamawa. A wannan zangon hanyoyi uku ne kacal ba sa hawa kan juna, to ku auna gidan haya mai ɗaki ashirin a Agege ko Idi-Araba, kowane ɗaki da mai raba data daga wayarsa. Cunkoson ya fi na Oshodi da yamma. Katin da ke kama 5GHz yana fitar da mutum daga wannan turmutsutsun, da sharaɗin wayar ko na'urar da ke ba shi intanet ita ma tana bayar da 5GHz. Sai dai shi ba ya ratsa bango sosai, ya fi son a zauna kusa.

Ba mu ce kowace laftof ake canza wa kati ba. Sababbin MacBook da sirara da yawa na zamani an narka musu shi a jikin bod. Amma da yawansu ba a yi musu jana'iza, akwai ɗan abin da ake sokawa a ramin USB, kamar filas, ya kama Wi-Fi. Yana cinye rami ɗaya, yana saurin karyewa in an cusa a jaka ba a cire ba, ƙananan kuma ba su da nisan kamu. Duk da haka ya fi a sayar da kwamfutar yarinya ana tsakiyar zangon karatu.

Wanda zai buɗe da kansa, ya kashe ta, ya cire caja, ya cire batir ko ya zare wayarsa daga bod kafin ya taɓa komai. Ya ɗauki hoton yadda wayoyin eriya suke. Ɗaga su ake yi sama a hankali, a mayar da su da ɗan yatsa har a ji sun zauna, domin kan nasu ba ya jure gaggawa. Wanda zai kai shago kuma, ya rubuta lambar samfurin kwamfutarsa daga ƙasanta, ya tsaya a yi aikin a gabansa, a haɗa ta da wayarsa a gwada Wi-Fi da Bluetooth kafin ya biya, sannan ya karɓi tsohon katinsa ya tafi da shi.

Abin da ya fi damunmu shi ne, muna da yara a Ikeja da Alaba da suka iya aikin nan, iyayenmu kuma ba su san da su ba. Duk ɗan ƙungiyar da ke gyaran laftof ya turo wa sakatariya sunansa da unguwar da shagonsa yake. Za mu haɗa jerin mu karanta a taron wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Waɗanda suka riga suka saka talla kuma, muna roƙon su dakata zuwa lokacin.

Sakatare