MAI KATAKO DA JAKAR JAM'IYYA

'Yan'uwa talakawa, in zaɓe ya gabato sai ku ga attajirai suna ta kusantar jam'iyya, kowa na rantsuwa shi ma ɗan talaka ne. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo muku labarin wani mai cinikin katako na jihar Wiskonsin ta ƙasar Amurka, ana ce da shi Philetus Sawyer.

An haife shi cikin 1816. Ba ɗan kowa ba ne, karatunsa ma kaɗan ne, tun yana saurayi yake aikin ƙarfi wurin yanka katako. Cikin 1847 ya yi ƙaura zuwa Wiskonsin, daga baya ya zauna a garin Oshkosh. Ya dinga sayen dazuzzuka a bakin kogin Wolf, ana sare itatuwa, ruwa na kawo gumagumai har wurin injinsa. Ya kuɗance ƙwarai. A nan ba mu ga laifinsa ba, kowa ya yi gumi ya ci.

Amma fa sai ya shiga siyasa da jakarsa. Ya yi magajin garin Oshkosh, ya zauna Majalisar Wakilai daga 1865 zuwa 1875, ya zauna ta Dattawa daga 1881 zuwa 1893. Kuɗinsa ke ɗaukar nauyin jam'iyyar Rifablikan a jihar, don haka maganarsa ita ce magana.

Cikin 1891 gwamnatin jihar ta kai ƙarar tsofaffin ma'ajinta, don suna ajiye kuɗin jama'a a banki suna cinye ribar. Sawyer kuwa shi ya tsaya wa waɗansunsu. Wani lauya ɗan jam'iyyarsu, Robert La Follette, ya ce Sawyer ya kira shi wani masauki a Milwaukee ya miƙa masa kuɗi, don alƙalin da zai yi shari'ar mijin 'yar'uwarsa ne. Sawyer ya musa, ya ce aikin lauya yake so ya ba shi. Alƙalin dai ya janye, gwamnati kuma ta ci shari'ar.

Manyan jam'iyya suka juya wa La Follette baya, shi kuwa ya shiga ƙauyuka wajen manoma. Cikin 1900, shekarar da Sawyer ya mutu, aka zaɓe shi gwamna. Cikin 1904 jama'a suka yarda da dokar da ta ce su da kansu za su riƙa zaɓen wanda jam'iyya za ta tsayar, ba manya a ɗaki ba.

To, jama'a, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Asalin talauci ba shi ne shaidar son talaka ba. Ku mahauta, da 'yan koli, da masu tebur, ku biya kuɗin katinku da hannunku, kome ƙanƙantarsa, ku zo taron reshe, ku tambayi ma'aji lissafi. Attajirin da ya zo, marhabin, amma ƙuri'arsa ɗaya ce kamar ta mai tallan goro. Allah ya ba talakawa sa'a, amin.