Kofi Na Makaranta, Faɗuwa Ta Yaro

Iyaye da yawa suna kuka wai ƙwallo da guje-guje su ke hana 'ya'yansu cin jarrabawa a sakandare, suna cewa taura biyu ba ta taunuwa. Mun ji kukan, amma a ganinmu ba a kama mai laifin ba.

Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda daga baya ta zama Barewa, ba ta taɓa raba aji da fili ba. Can Ahmadu Bello ya gwanance a ƙwallon bango da ake kira Fives, ya kuma fita da takardar malanta a 1931. Bayan kwalejin ta koma Zariya, Yakubu Gowon ya tsare mata gida a ƙwallon ƙafa. Asirin ba wani abu ba ne: safe na littafi, la'asar ta wasa, ƙararrawa ce ke raba su. Yaron da ya motsa jini ya yi barci sosai, gobe ya fi fahimtar lissafi.

To, ina ɓarnar take? Tana wajen hedimastan da kwaɗayin kofi ya rufe wa ido. Da ya ga yaro mai gudu sai a ɗebe shi daga aji mako biyu, mako uku, ana yawon gasa. Wani ma har ƙaton da ba ɗalibi ba zai yi haya ya sa masa rigar makaranta, kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Kofi ya hau tebur a ofis, a ɗauki hoto. Ran da sakamakon jarrabawa ya fito, ɗan mai hali a ɗaukar masa malami ya sake zama, ɗan talaka kuwa ya koma gida da lambar tagulla da ciwon gwiwa.

Jihar Tekzas ta Amurka ta yi doka a 1984: ɗalibin da ya faɗi darasi ko ɗaya ba zai shiga gasa ba har mako shida. Mu ma abin da muke nema ke nan daga masu riƙe da ilmi. A duba makin yaro kafin a ba shi riga, kowane darasin da ya rasa saboda gasa kuma makaranta ta biya masa shi kafin ƙarshen zango.