Kalangun da ke Cikin Na'ura

Tun da waƙar fim ɗin Sangaya ta karaɗe gidajen biki a 1999, fiyano ta zama babbar makaɗiyar Kano. Yau ma an wuce nan: yaro a Yakasai ko Gwale yana haɗa kiɗan nanaye a soron gidansu da kwamfuta da FL Studio. Ina murna, don sana'a ce. Kalangun cikin na'urar ne ke damuna. Makaɗi yakan matse tsirkiya a hammata ya sassauta, kiɗa ya hau ya sauka kamar maganar Bahaushe, har ya yi wa mutum kirari. Na'ura bugu ɗaya ta ɗauka take maimaitawa. Gara matasan su kira makaɗan kalangu zuwa sutudiyo, su naɗi kiɗansu, su biya su.